Shaidar Mai Tattabaru

Zuwa ga Lamis, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farko da ke sauka a kan ƙasar da ta gaji da jira, ke da na fi so a kan barcina da farkawata. Amincin Allah ya lulluɓe ki a cikin wannan tantin da bai cancanci ko takalminki ba. Yaya sanyin Biƙa, can sansanin gudun hijira? Yaya ƙirjin Mama? Ina miƙo miki gaisuwar wanda ya shekara biyu bai ga fuskarki ba, kuma bai taɓa wuni guda ba ta zo masa ba.

Na so in cika takardar nan da zancen idanunki da muryarki, kamar yadda na saba. Amma yau raina a ɓace yake, kin kuwa san ni, idan raina ya ɓaci ba na iya kwana-kwana.

Jiya Gwaggo Hiyam ta zo nan Tarabulus daga wajenku ganin likita, ta neme ni a kasuwar kayan lambu inda nake dako. Ko zama ba ta yi ba ta ce mini Baba, mahaifinki, ya kai sunayenku an rubuta cikin masu komawa garinmu Hims, motoci za su tashi ranar Alhamis mai zuwa. Wai mai unguwarmu ne ya aiko masa cewa an yi sulhu, gari ya lafa, duk wanda ya dawo ya sa hannu a takarda za a sako masa ɗansa da ke tsare. Na ce, "Gwaggo, ba ki gaya masa abin da na faɗa miki kan waɗanda suka koma bara ba?" Ta ce, "Na gaya masa, ɗan nan. Ya ɗaga gilashinsa ya dube ni ya ce, Hiyam, shekara talatin na yi ina magatakarda a kotu, tun yaushe aka fara karɓar shaidar mai tattabaru?"

Tun yaushe! Lamis, tun jiya maganar nan take tafasa a cikina. Waɗanda suka zuba mana wuta daga sama, da waɗanda suka zuba mana daga ƙasa, waɗanda suka mai da layin sayen gurasa layin gawa, waɗanda suka sa mahaifiyarki ta taka dutse da silifas har ta ƙetare iyaka, su maganarsu abin karɓa ce, saboda suna da hatimi da tebur da kujera mai juyawa. Ni kuwa da na zauna a unguwarmu ta Hims har wata biyu da suka wuce, na ga komai da idon da Allah ya ba ni, tawa maganar ba ta kai a saurare ta ba, don ina yi wa tsuntsaye fito a kan soro. Wane ne a cikinmu ya rushe wa Baba shagon da ya buɗe bayan ya bar kotu? Wane ne ya raba shi da ɗansa? Ni ne, ko tattabaruna?

Ya sanyin idona, kin tuna ranar da muka fara magana? Ƙarshen bazara ne, kun dafa alkama kun shanya a kan soronku, kina zaune kina gadi da sanda kamar wata sarkin yaƙi. Farar tattabarata mai baƙin wutsiya, wadda nake kira Gimbiya, ta bar garke ta sauka tsakiyar shanyar. Kika ɗago murya ta kan katanga kika ce, "Kai mai fito, zo ka ɗauki ɓarauniyarka, ta kusa cinye mana abincin hunturu." Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce, "Ba tawa ba ce." Alhali ga 'yan ƙararrawana nan a ƙafarta suna ƙara. Kika dube ta, kika dube ni, kika ce, "Ko gaisawa ba mu yi ba har ka fara ƙarya?" Sai kika yi dariya. Wallahi dariyar nan ita ta kama ni, kuma har yau ban nemi kuɓuta ba. Daga ranar na koya wa Gimbiya hanyar soronku da gangan, kin sani, kin yi kamar ba ki sani ba, Mama kuma ta yi ta mamakin yadda alkama ke raguwa.

Kin kuma tuna ranar da na zo da kawuna neman aurenki. Na sa kwat ɗin aro mai matse hammata. Aka kawo gahawa, kawuna ya ajiye kofinsa bai sha ba, ya ce sai an biya mana buƙata. Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Yaro, ba ni da abin faɗa a kan mahaifinka, Allah ya ji ƙansa. Amma mai tattabaru yana leƙen gidajen mutane daga sama, yana kama tsuntsun maƙwabci ya rantse bai gan shi ba. Alƙali ba ya karɓar shaidarsa a kan akuya, ni zan karɓi alƙawarinsa a kan 'yata?" Gahawar nan ta huce a gabanmu, muka tashi muka bar ta. Na ji kukanki ta bayan labule, na fita ina cizon leɓe.

Ba zan wanke kaina ba. Baba bai yi mana ƙage ba. Mu masu tattabaru maƙaryata ne a kan tsuntsu, kowa ya sani. Ni da kaina na taɓa rantsuwa sau uku a gaban Abu Jaudat, tsohon abokin gabata na soron gabas, cewa ban ga jar tattabararsa ba, alhali tana cikin akurkina tana cin dawata. Amma ko mu muna da doka. Idan kuna gaba da mutum, tsuntsunsa ya faɗo hannunka, naka ne. Idan kuwa kun yi sulhu, to ko a tsakiyar garkenka ya sauka sai ka mayar masa da shi kafin magariba, ba ka cire masa ko gashi ɗaya. Wanda ya ce sulhu sannan ya yanka, babu mai sake zama da shi a shagon shayi. Wannan dokar maƙaryata ce, Lamis. Je ki tambayi masu hatimi ko suna da irinta.

Bari in gaya miki yadda muke kama tsuntsun wani, don ki gaya wa Baba. Kana sakin garkenka ya tashi ya gauraya da na maƙwabci a sama. Idan sun cakuɗe, sai ka ɗauko mace guda ka riƙe ta ta ƙafa, ka ɗaga hannu tana fuffuka. Naka suna ganinta sai su sauko, baƙin da suka ruɗe su biyo su. Ba don hatsi suke saukowa ba, don sun ga tasu tana kira ne. Kai kuma ragarka tana bayan ƙofa. Tun ina ɗan shekara tara nake wannan aiki, na san hannun da ke ɗaga tsuntsu idan na gan shi. Mai unguwa ya riƙe sunan ɗan'uwanki Firas ta ƙafa yana kaɗa wa Baba, raga kuma tana makarantar firamare ta bakin titi.

Na ga waɗanda suka sauko bara. Motoci bakwai, aka tarbe su da alewa da masu ɗaukar hoto, mai unguwa yana rungumar tsofaffi yana share hawaye da hankici. Da masu hoto suka tafi, aka ce maza su shiga makaranta su sa hannu, minti biyar kawai. Daga sorona ana ganin ƙofar baya ta makarantar. Na ƙirga waɗanda suka shiga ta gaba, na ƙirga waɗanda aka fitar ta baya a rufaffiyar mota, kuma har na bar garin matansu suna zaune a bakin titi da ƙullin kayan sawa suna jira. Gidanku kuwa akwai mutane a ciki. An canza ƙofa, an sare itacen lemon Mama don ajiye mota. Mai unguwa da bakinsa ya tare ni wata safiya ya ce, "Suhail, ina yarinyar nan ta gidan Abu Firas, mai ɗaure wa mutane rauni a ƙarƙashin masallaci? Ka ce ta dawo mana, ƙasa tana buƙatar irinsu." Yana murmushi yana faɗa. Sunanki yana cikin takardarsu, ya rabin raina. Laifinki shi ne kin tsayar wa yara jini ba ki tambayi ɓangaren ubanninsu ba.

Duk wannan na gaya wa Gwaggo. Akwai abin da ban gaya mata ba, ban gaya wa kowa ba, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Ki zauna kafin ki ci gaba. Idan Mama tana kusa, ki fita waje.

Firas ba ya tsare, Lamis. Firas ya rasu wata goma sha huɗu da suka wuce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsi ne, ranar Talata. Yana layin gidan gurasa, tun da shi kuka bari ya kula da gida. Masu bindiga suka zo suka zaɓi mutum tara daga layin, suka shigar da su farfajiyar tsohuwar masana'antar sabulu da ke bayan gidanmu. Katangarta doguwa ce, ba a ganin cikinta daga ko'ina sai daga sama. Ina kan soro, garkena yana shawagi. Na durƙusa bayan akurki na leƙa ta tsakanin katako. Yana sanye da koriyar rigar sanyin da kika saƙa masa, wadda hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, yake tsokanarki da ita. Bai roƙe su ba. Da aka juya su ga bango, ya ɗaga kai ya dubi tattabarun. Baba bai sani ba, amma Firas yakan hawo wurina a ɓoye, yana da nasa guda biyu a cikin garken nan, yakan ce, "Idan tsoho ya ji, ni da kai duk mun zama marasa shaida." Su yake nema da ido. Ban san ko ya gan ni ba. Da ƙarar ta tashi garken ya watse, ni kuma na cusa hannu a baki na ciji kaina don kada in yi ihu.

Bayan kwana biyu suka bar ƙofar a buɗe. Ni da Abu Jaudat muka shiga, shi ma daga soronsa ya gani. Shekara goma sha ɗaya ba ma gaisawa saboda jar tattabarar nan, ranar muka ɗauki mutum tara tare a kan ƙyauren ƙofa. Muka yi musu salla mu biyu, muka binne su a lambun bayan masallaci, Firas ne na uku daga itacen zaitun. Ban ɗauko komai daga jikinsa ba. Na yi niyyar yanko bakin hannun rigar in kawo miki, hannuna ya ƙi. Ga shi yau ba ni da abin nunawa sai bakina. Mutum biyu ne kawai a duniya suka ga abin da aka yi wa ɗan magatakardar kotu, dukansu masu tattabaru, ɗayan kuma ciwon zuciya ya ɗauke shi a hunturun da ya wuce.

Yanzu ki tuhume ni, kina da iko. Sau uku kika aiko ta wayar Baba kina tambaya ko akwai labarin Firas, sau uku na ce babu. Na farko na ce wa kaina ana sauraron waya. Na biyu na ce zuciyar Mama ba za ta ɗauka ba. Na uku ba ni da wani dalili sai tsoro: na ji tsoron in zama bakin da ya kashe miki ɗan'uwa, ki riƙa ganin farfajiyar nan duk lokacin da kika dube ni. Ƙaryar da na yi a kan tsuntsaye wasa ce. Wannan ita ce ƙaryar da zan tsaya da ita gaban Allah, ita ce kuma ta bar wa mai unguwa abin da yake kaɗawa. Da na faɗa tun farko, da Baba ya yi kukansa ya gama, da babu wanda ya isa ya ja shi da sunan mamaci. Ina jin haushinsu kamar in haɗiye garwashi, amma kashi ɗaya na haushin nan nawa ne.

Ya ke wadda nake ambato kafin in sha ruwa, na san abin da zai faru idan kika karanta wa Baba wannan. Zai ce yaron da na hana 'yata ne, yana so ya tsare ta kusa da shi. Zai ce mai tattabaru ne. Ba taurin kai ne kawai ba, na gane. Uba ne da aka ce masa ɗansa yana da rai, ni kuma na zo in ce masa babu. Ko ni ne zan nemi dalilin ƙin yarda, kuma dalilin yana nan a shirye tun kakanni.

Shi ya sa na je wurin limamin masallacin kasuwa bayan azahar jiya, na tambaye shi, "Malam, mai tattabaru idan ya rabu da su, shaidarsa tana karɓuwa?" Ya dube ni yana shafa gemu ya ce, "Idan ya rabu da su rabuwa ta gaskiya, mutane suka shaida, to ya zama kamar kowa. Amma ku ɗin nan, kuna sayarwa da safe ku sayo da yamma." Na ce, "Ba sayarwa zan yi ba. Ka zo da mutum biyu gobe da hantsi."

Kin san da na fito daga Hims ban ɗauko katifa ba, ban ɗauko hoton mahaifina ba. Kwando ɗaya na goyo, da tattabaru shida a ciki, ragowar saba'in. Jinin na kakana ne, tun yana saurayi yake haɗa irinsu, ana kai su har garin Hama a sake su su riga mai su isowa gida. Na tsallaka kogi da kwandon a kaina, ruwa har wuya. Na raba gurasata da su a hanya. Wata biyu suna ɗaki ɗaya da ni a nan, fikafikansu a ɗaure da zare, don na san idan na sake su ba za su tsaya ba. Akwai jikar Gimbiya a ciki, akwai ɗaya daga na Firas.

Yau da hantsi na hau soron masallacin da kwandon, liman da mai sayar da tumatir da wani direba suna tsaye. Na yi tunanin ba da su kyauta, amma duk wanda na ba a garin nan wata rana zan je in tsaya a ƙofarsa, na san kaina. Yanka su kuwa, gara a yanke mini hannu. Na kwance zaren ɗaya bayan ɗaya, na cire musu ƙararrawa, na buɗe murfin. Suka tashi, suka zaga masallacin sau biyu. Bakina ya haɗu zai yi fito da kansa, na danne shi da tafin hannu. Sai suka miƙe gabas, ko waiwaye babu, suka nufi soron da yanzu wani mai bindiga yake zaune a kai da butar shayinsa, yana harbin duk abin da ya gifta don maganin zaman banza. Na san abin da za su tarar. Tattabara ba ta tambayar wane ne a gidan, ita dai ta san nan ne gida. Na tsaya har suka ɓace, mai tumatir ya dafa kafaɗata. Liman ya rubuta takarda, su ukun suka sa hannu, ga ta nan na haɗa da wannan. Baba yana son takarda mai sa hannu, to ga ta.

Ina roƙonki da girman Allah, da darajar nonon da kuka sha ke da Firas, kada ki taka motar nan. Ki ɓoye takardun shaidarku, ki zauna a ƙofar tanti, ki yi rashin kunyar da ba ki taɓa yi ba. Na san tantin yana yoyo. Na san yadda ake kallonku a layin ruwa, da abin da masu gona ke kiranmu idan sun zo ɗibar ma'aikata. Ni ma ina sha a nan kullum. Ƙasarmu ce, gidanmu ne, lemonmu ne aka sare, kuma wallahi za mu koma wata rana ta ƙofar gaba, mu tono lambun masallaci mu kira kowa da sunansa. Amma ba ranar Alhamis ba, ba a hannun mutumin nan ba.

Ba ni da takardar zama, akwai shingaye huɗu tsakanina da ku. Direban da ya sa hannu yana kai dankali Zahla, garin da ke kusa da ku, ya ce zai ɓoye ni a bayan buhuna. Idan Allah ya yarda ina ƙofar tantinku ranar Laraba kafin la'asar. Zan tsaya gaban Baba in dafa Alƙur'ani in faɗi abin da na gani, da rana da wuri da launin riga, ya yi mini tambayoyin kotu duk yadda ya so. Ki shirya Mama kafin in iso, ke kin san yadda ake riƙe ta. Ba neman aure zan zo ba, kada ya ɗauka ciniki ne. In ya ga dama ya kore ni bayan na gama, in kin ga dama ke ma kada ki sake duban fuskata. Zan iya rayuwa kina fushi da ni a Biƙa. Ba zan iya rayuwa kina bayan makarantar nan ba.

Ke ce farkon abin da na so da ba shi da fiffike, ke ce kuma na ƙarshe. Ko an ba ni ke ko an hana ni, ko kin yafe ko ba ki yafe ba, zuciyata soro ɗaya ta sani, kuma ba a canza mata. Ki gaya wa Baba rai shida masu fiffike daga gidana sun riga sun kama hanyar Hims yau da hantsi. Sun isa haka, kada a ƙara musu da kowa.

Naki har ranar da za a kwantar da ni,
Suhail ɗan Ghassan,
wanda a da yake da tattabaru.